Agogon Kwana Talatin

Dokar Amurka ta ce abu uku kawai ake bukata kafin a karɓi takardar mai neman tallafin abinci: sunansa, adireshinsa, da sa hannunsa. Da zarar ya miƙo ta da waɗannan ukun, ko da sauran shafukan fayau suke, wajibi ne ofis ya buga mata hatimin ranar, daga nan kuma agogo ya fara tafiya. Kwana 30 gare mu mu yanke hukunci. Idan mutum ya zo hannu rabbana, wato abin da ke shigo masa a wata bai kai dala 150 ba, na hannunsa kuma bai wuce dala 100 ba, to kwana 7 ne. Wannan shi ne darasin farko da aka koya mini da na kama aiki a ofishin walwalar jama'a na wata ƙaramar hukuma a jihar Karolina ta Arewa, a shekarar 2014, kuma ya burge ni ƙwarai. Duk abin da na koya bayansa a kan tazarar da ke tsakanin ranar hatimi ne da ranar da kuɗi za su shiga katin mutum.

Da tafinta na fara. Akwai mutanenmu da dama a jihar, musamman 'yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, waɗanda suka yi kaka-gida a Greensboro da garuruwan da ke kewaye, wasu a masana'antu, wasu a tuƙin tasi, mata kuma a shagunan kitso. Doka ta wajabta wa ofis ya samar da tafinta ga wanda bai ji Turanci ba, don haka ake kirana. Da gurbi ya samu na nema, aka ɗauke ni, aka ba ni tebur da kwamfuta da tarin fayil.

Shirin da muke gudanarwa SNAP ake kiransa tun 2008, amma asalinsa dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ce a 1964, zamanin da ake raba takardun sayen abinci. Yanzu kati ne irin na banki. Kuɗin abincin duka na gwamnatin tarayya ne, ta hannun Ma'aikatar Noma, amma jihohi ne ke yin aikin, kuma a lokacin da nake can kuɗin gudanarwa raba daidai ake yi tsakanin Washington da jiha. Karolina ta Arewa tana cikin jihohi 10 da suka miƙa aikin ga ƙananan hukumomi, ita kuwa guda 100 gare ta. Lokacin da na kama aikin mutum sama da miliyan 40 ne ke cin abinci da wannan kati a faɗin ƙasar, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ba wani ma'aikaci irina ne ya zauna ya cike masa fayil ba.

Ga yadda fayil ɗaya yake. Da farko sai an yi ganawa, ido da ido ko ta waya. Tambayar da ta fi cin lokaci da mutanenmu ita ce ta su wane ne 'yan gidan. A wurin doka, gida shi ne waɗanda ke cefane tare su dafa tare. Sai ka ga samari huɗu a ɗaki biyu, kowa da aikinsa, kowa da iyalinsa a Maraɗi ko Damagaram, shinkafar dare tukunya ɗaya ce amma abincin rana kowa tasa ta fisshe shi. Ko ƙanin miji ya sauka wata biyu kafin ya samu wuri. Ba ƙarya suke yi ba idan suka kasa amsawa da e ko a'a. Zamansu ne bai dace da akwatin da ke kan fom ba. Ni kuma dole in zaɓi akwati, in rubuta hujjar zaɓin.

Sai kuɗin shiga. Mai albashin mako a ninka nasa sau 4.3, mai karɓa duk mako biyu sau 2.15. Wannan mai sauƙi ne ga wanda albashinsa ke tsaye, amma yawancin masu zuwa wurinmu sa'o'in aikinsu hawa da sauka suke yi, wannan makon 38, mai zuwa 22. Daga jimillar a cire kashi 20 cikin ɗari na abin da aka samu da gumi, a cire wani kaso da doka ta tsayar wa kowa, a cire kuɗin renon yara, a cire kuɗin magani da ya haura dala 35 idan akwai mai shekara 60 ko naƙasasshe, sannan a duba ko haya da wuta da ruwa sun cinye fiye da rabin abin da ya rage. Abin da ya saura a ɗauki kashi 30 cikin ɗari nasa a matsayin abin da gidan zai iya kashewa da kansa, gwamnati ta cike gibin. Kwamfuta ce ke yin lissafin, amma kowace lamba da na saka mata sai da takardar da za ta tsaya mata: takardar albashi, yarjejeniyar haya, rasit. Wadda babu, in rubuta wa mutum wasiƙa in ba shi kwana 10 ya kawo. Kuɗin da yake aika wa mahaifiyarsa gida duk wata ba ya cikin abin da ake cirewa, kuma na sha bayyana wannan ga mutanen da suka dube ni kamar na ce musu ciyar da uwa ba nauyi ba ne.

Bayan haka akwai rumbunan bayanai da za a leƙa: na hukumar shige da fice ga wanda ba ɗan ƙasa ba, na albashi, na waɗanda suka rasu, na waɗanda ke kurkuku, na waɗanda aka taɓa korewa daga shirin. Baƙo mai katin zama na dindindin galibi sai ya shekara 5 kafin ya cancanta, amma 'ya'yansa ƙanana ba sa jira, don haka a gida ɗaya sai a raba lissafi, wasu a ciki wasu a waje. Akwai kuma takardar tayin rajistar zaɓe da wata doka ta 1993 ta ɗora wa ofisoshi irin namu. A ƙarshe in zauna in rubuta bayanin duk abin da na yi da dalilinsa, saboda wanda zai zo ya duba.

Wannan mai dubawa shi ne ainihin wanda muke wa aiki, ko ba mu faɗa ba. Kowane wata jiha na tsamo wasu fayil, wasu ma'aikata na daban su warware su zare-zare, su sake ganawa da mai fayil, su kira mai gidan haya da wurin aiki, daga baya na tarayya su sake duba wani kaso na aikin nasu. Daga nan ake fitar da adadin kuskuren kowace jiha. Mutane kan ji wannan adadi su ɗauka na sata ne. Ba haka ba ne. Idan na biya gida fiye da haƙƙinsa kuskure ne, idan na biya shi ƙasa da haƙƙinsa shi ma kuskure ne, haɗa su ake yi. Galibin waɗanda na gani da idona irin na sa'o'in aiki ne da suka ƙaru ba a sanar ba, ko lambar da aka shigar a gurbin da ba nata ba. A ɗaya gefen kuma ana son kashi 95 cikin ɗari na takardu su fita cikin wa'adi. Shugabar sashenmu, wata dattijuwa Baƙar fata da ta fara aikin tun zamanin takardun sayen abinci, takan ce mana ranar Litinin a ce ku yi sauri, ranar Alhamis a ce ku yi a hankali, kuma duka biyun gaskiya ne. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Ban taɓa ganin laifin a tantance ba. Dukiyar jama'a ce, amana ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan aikin da muke yi sau biyu ba tare da ya kare ko kwabo ba.

Akwai wata Hajiya, 'yar Nijar da ta daɗe da zama 'yar ƙasa, tana riƙon jikokinta biyu, tana kitso a gida. Kuɗin kitso a hannu ake ba ta, babu rasit, don haka na nuna mata yadda za ta riƙa rubuta abin da ta samu a littafi, jikarta ke rubuta mata. Da takardar bankinta ta nuna wasu kuɗi masu kauri sun shigo rana ɗaya, na tambaye ta, ta ce kwasar adashi ce. Na ɓata rabin yini ina duba kundin ƙa'idoji da tuntuɓar na gaba da ni kafin a yarda cewa kuɗinta ne da ta tara suka dawo mata, sannan uwar adashi ta rubuto takarda ta sa hannu. Fayil ya kammala tsaf, ina alfahari da shi. Wa'adinsa wata 6 ne, kamar na galibin gidaje.

Kafin watannin su cika mai gidan ya sayar da gidan, ta koma wata unguwa. Fom ɗin sabuntawa ya tafi tsohon adireshi ya dawo mana. Ƙa'ida ita ce a maido shi kafin 15 ga watan ƙarshe. Bai zo ba, kwamfuta ta rufe fayil da kanta. Hajiya ba ta sani ba sai da ta je kanti ta loda kaya, mai karɓar kuɗi ta ce babu komai a katin, ga layi a bayanta. Ta yi ta zaton matsalar na'ura ce, ta jira wata mai zuwa. Da ta zo ofis lokacin gyara ya wuce, sai dai sabuwar takarda.

Ta zauna gabana ta ce, "Ɗan nan, ba kai ne ka rubuta komai ba? Jikokin nan ba su canja ba, kitson nan shi ne dai."

Na ce, "Hajiya, haka ne. Amma sai mun sake daga farko."

"Har takardar haihuwarsu?"

"Wannan tana nan. Haya ce sabuwa, da littafin kitso, da ganawa."

Ta yi shiru, can ta ce, "To Allah Ya ba mu haƙuri, ni da kai." Ta gane abin da mutane da yawa ba su gane ba, cewa ni ma kayan a kaina suke. Makonnin da ta yi babu tallafi ba a biya ta su ba, domin sabon lissafi daga ranar sabuwar takarda yake farawa. Ni kuma na sake aikin da na riga na yi, yayin da wani sabon mai nema ke jiran kirana. Irin wannan fita da dawowa ba a ofishinmu kaɗai yake ba. Wani bincike da aka yi wa Ma'aikatar Noma a jihohi 6, wanda ya fito a 2014, ya gano kashi 17 zuwa 28 cikin ɗari na gidaje sun fita daga shirin sun dawo cikin wata 4, akasari a daidai lokacin sabuntawa.

A 2016 aka ƙara mana wani nauyin. Tun 1996 akwai dokar da ta ce baligi mai lafiya marar 'ya'ya, ɗan 18 zuwa 49, wata 3 kawai zai ci tallafi cikin wata 36, sai idan yana aiki ko horo na sa'a 80 a wata. An jingine ta lokacin karayar tattalin arziki, aka dawo da ita a ƙananan hukumomi 23 na jihar a watan Janairu, sauran a Yuli. Sai ga mu muna ƙirga wa mutum watanni ɗaya bayan ɗaya, muna neman takardar likita ga wanda ciwon baya ya hana shi ɗaukar kaya amma ba shi da kuɗin ganin likitan da zai rubuta. Na ga masu aikin da suka cika sa'o'insu suka rasa tallafi saboda wanda suke wa aiki ya ƙi ɗaga waya.

Amma idan aka ce in tuna lokaci guda, Janairun 2019 zan tuna. Gwamnatin tarayya ta rufe tun 22 ga Disamba saboda takaddamar kuɗin gina katangar kan iyaka. Ranar 8 ga Janairu Ma'aikatar Noma ta sanar cewa ta samo hanyar biyan tallafin Fabrairu, da sharaɗin jihohi su fitar da shi kafin 20 ga Janairu ya wuce. Ma'ana duk fayil ɗin sabuntawa da ya kamata mu yi a hankali har ƙarshen wata sai an gama shi cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba babu wanda ya san ko za a samu kuɗin biyan mai shi. Shugabar sashenmu ta tara mu ta rubuta adadin da ya rage a allo, ta ce kowa ya kira gidansa ya ce zai yi dare.

Ban taɓa ganin ofishin nan haka ba. Masu aikin inshorar lafiya suka sauko suka taya mu, masu karɓar baƙi suka zauna suna kiran mutane ɗaya bayan ɗaya: kawo takardar albashinka yau, ɗauki hotonta da waya ka turo. Na'urar faks ba ta huta ba. Na yi sallar Magariba da Isha'i a ɗakin ajiyar fayil, tsakanin kantoci. Ranar Juma'a na nemi izinin liman bayan sallah na tashi na yi sanarwa da Hausa, wani ya maimaita da Zabarmanci, cewa kuɗin da za su gani a kati ba ƙari ba ne, na Fabrairu ne ya zo da wuri, a yi tattali. Adadin allo ya yi ta sauka, dattijuwar na gogewa tana sake rubutawa. Mun kai. Ranar 25 ga Janairu aka buɗe gwamnati bayan kwana 35. A tsakiyar Fabrairu wayoyi suka fara ruri, mutane na tambayar ina tallafin wannan watan, domin da yawa ba su ji sanarwar ba, wasu kuma sun ji amma yunwar gida ba ta bar su sun yi tattalin ba. Makonni muka yi muna ba da amsa ɗaya, muna tura mutane wuraren raba abinci na coci-coci da masallatai.

Sai annobar korona. Ranar 18 ga Maris 2020 aka sa hannu a dokar gaggawa, kuma cikin 'yan makonni abubuwan da aka ce mana ba sa taɓuwa suka taɓu. Aka ba jihohi damar tsallake ganawa idan takardu sun wadatar. Aka ƙara wa'adin fayil da wata 6 ba tare da an cike komai ba. Aka dakatar da ƙirgen wata 3. Aka ɗaga kowane gida zuwa iyakar abin da girmansa ya ba shi. Takardun nema suka yi ambaliya, daga masu aikin otal da gidajen abinci da ba su taɓa tunanin za su zo wurinmu ba, muna amsa su daga teburin cin abinci a gidajenmu. Lokaci ne mafi nauyi da na taɓa gani, amma a cikinsa ne na fara jin cewa aikin da nake yi da safe yana zama abinci a gidan wani kafin mako ya fita. Lokacin da a da nake kashewa wurin rufe fayil da sake buɗe shi ya koma kan wanda ba shi da komai.

Na san abin da za a ce, kuma ba zan ɓoye shi ba. Adadin kuskure na ƙasa kashi 7.36 ne a 2019. Ba a fitar da na 2020 da 2021 ba. Da aka dawo lissafi a 2022 ya kai 11.54. Masu son a tsananta suna nuna wannan. Ni abin da na gani daga kujerata shi ne tsofaffin hannu sun tafi. Shugabar sashenmu ta yi ritaya, waɗanda suka haddace ƙa'idoji suka samu aikin da ya fi albashi ya fi kwanciyar hankali, aka ɗauko sababbi, alhali wannan aiki sai mutum ya kusa shekara kafin hannunsa ya faɗa. A kansu aka dawo da tsofaffin ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya, aka janye ƙarin gaggawa bayan Fabrairun 2023. Sabon ma'aikaci mai ɗaruruwan fayil zai yi kuskure ko da takarda goma ka sa a kawo masa, hasali ma kowace takarda da aka ƙara wata ƙofar kuskuren ce. A 2023 ɗin ni ma na bar aikin.

Ranar 4 ga Yuli 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi da ta taɓa shirin ta wurare da dama. Kason jihohi na kuɗin gudanarwa zai tashi daga rabi zuwa kashi 75 cikin ɗari daga Oktoban 2026. Daga Oktoban 2027 kuma jihar da kuskurenta ya kai kashi 6 za ta fara biyan wani ɓangare na kuɗin abincin kansa, daga kashi 5 har zuwa 15, abin da ba a taɓa yi ba. An kuma miƙa sharaɗin aiki har zuwa masu shekara 64, da iyayen da ƙaramin ɗansu ya kai 14. Duk wanda ya zauna a irin kujerata ya san inda wannan zai kai. Gidan da aka biya ba daidai ba zai jawo wa jiha asarar kuɗi, gidan da aka rufe wa fayil saboda takarda ba ta zo ba kuwa ba ya shiga wannan lissafin.

Na kira wata abokiyar aikina da ke can har yanzu. Ta ce an kafa tebur na musamman da zai sake duba fayil kafin a amince da shi, kuma daga cikinsu aka ɗebi masu zama a teburin, ba a ɗauki kowa ba. An ce su nemi shaida a kan haya da kuɗin wuta ko da mutum bai ba da dalilin a yi shakkarsa ba. Na tambaye ta batun kwana 30. Ta ce yana nan yadda na bar shi.